Na zo ƙauye yin zane, na ɓuge da sayen man janareto

Kawu, assalamu alaikum. Shekaruna 27, kuma zane na karanta a jami'a. Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu ina 'yan buga-buga, yau in rubuta wa mai shago allo, gobe in zana ango da amarya. Kwanakin baya Allah ya sa na samu aiki a wani masaukin masu fasaha da ke wani ƙauye. Gida ne da ake gayyato masu zane da marubuta da maginan tukwane, na gida da na ƙasashen waje, su zauna mako 4 zuwa 6 su yi aikinsu nesa da hayaniyar birni. Ni aka ɗauka in riƙa kula da su. Na zo da murnata, ina cewa zan zauna cikin gwanaye in ƙaru, in samu lokacin nawa zanen. Yau mako 7 ke nan ban ja ko layi ɗaya ba. Daga sayen man janareto sai neman mai gyaran famfo, sai tafinta, sai raka baƙo kasuwa ya sayi abin da bai san sunansa ba.

Wannan duk da sauƙi. Makon jiya wata baƙuwa daga Turai ta bi matan garin zuwa ramin da suke haƙar yumɓu, ta ɗauke su hoto suna cikin laka, zannuwansu a tattare sama da gwiwa. Ta sa a Instagram, shafin gidanmu ya sake yaɗawa, samarin garin kuwa suna bin shafin. Wani da ke acaɓa a Abuja ya ga mahaifiyarsa. Tun daga ranar mai kawo mana fura ta ɗauke ƙafa, yara sun daina leƙowa, in na gaida mutane a masallaci a ciki-ciki suke amsawa. Har na ji ana cewa gidan masu gumaka ne. Baƙuwar ta ce ita karrama matan ta yi. Masu gidan suna birni, abin da kawai suka ce mini a waya shi ne in lallaɓa. Mahaifina kuma ya ce in tattaro in dawo, an samo mini koyarwa a wata makarantar kuɗi. Da dare kaɗaici kamar ya kashe ni, ko sabis babu sai na hau tudun bayan firamare. Kawu, in tafi ne ko in zauna? Don Allah a sakaya sunana da na garin.

Ɗanka, daga ƙauye.

Wa alaikumus salam, ɗana. Na sakaya kamar yadda ka roƙa.

Kada ka tafi a wannan makon. Ko za ka kai shekara a wurin, wannan za mu zo kansa a gaba, amma ba a barin gari da bashin mutunci a wuya. Na san ba yatsanka ne ya danna hoton nan ba, sai dai a wurin mutanen garin kai ka ɗauke shi. Baƙo raɓa ne, nan da 'yan kwanaki baƙuwarka ta hau jirgi. Masu gidan ba a san fuskarsu ba. Kai ake gani a sahu, kai kake jin abin da ake faɗa, kuma duk wanda labarin ya iske zai ce ita Baturiya ba ta sani ba, amma shi wannan yaron ai ya sani, ya zuba ido. In ka sulale yanzu, sunan da za ka bari ke nan, shi ne kuma gadon wanda za a ɗauka bayanka.

Fara da abin da ke hannunka. A sauke hoton daga shafin gidan yau ɗin nan. Sannan ka zauna da baƙuwar, amma kada ka shiga gardamar mene ne fasaha da ita, za ta kayar da kai, a kan irin wannan gardamar ta yi digiri. Gaya mata abu biyu kawai: a garin nan ƙaurin matar aure ba abin nuna wa duniya ba ne, kuma matan nan ba su san inda hoton zai je ba. Wanda aka karrama yakan san an karrama shi. In ta ƙi saukewa daga nata shafin, ka rubuta wa masu gidan saƙo a rubuce, wanda za a iya komawa a karanta gobe, ka ce lallaɓawa ba za ta yiwu ba muddin hoton yana sama.

Daga nan sai zuwa ba da haƙuri, kuma kada ka kuskura ka tafi kai kaɗai. Da ɗan gari akan ci gari. Na tabbata a gidan nan akwai mai gadi ko mai ɗebo ruwa ɗan asalin garin, wanda tun zuwanka aike kawai ke haɗa ku. Shi ne malaminka a wannan lamari. Ja shi gefe ka ce, "Baba, an yi ɓarna a hannuna, wa ya kamata in fara gani?" Shi ya san ko mai unguwa za a fara yi wa sallama ko liman, ya san mijin matar mai zafi ne ko mai sanyi, ya san wace tsohuwa ce in ta yi magana matan ramin yumɓu ke ji. Ka sayi ƙwaryar goro mai kyau. Kada ka sa kuɗi a ambulan, zai zama kamar ka zo biyan kuɗin ƙaurin matar mutum, ɓarnar ta fi ta farko. Ku je bayan la'asar, ka tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ka durƙusa, ka bar ɗan garin ya buɗe magana. In an zo kanka ka ce, "Ranka ya daɗe, mun yi laifi, mun sauke hoton, a yafe mana." Shi ke nan. Duk wani bayani da ya fara da "ai su a ƙasarsu", haɗiye shi. Za a yi maka faɗa, mai yiwuwa mai tsawo, mai yiwuwa a haɗo har da laifin da aka yi tun kafin ka zo. Kasa kunne da kyau, don a cikin faɗan nan za ka ji duk abin da garin ke riƙe da shi game da gidanku, kuma kyauta za ka ji shi.

Yaron nan na Abuja ka nemi lambarsa ka kira shi da kanka. Shi abin ya fi ci wa rai, shi ya ga uwarsa a waya, wataƙila a gaban abokan sana'a. Ba zai amsa maka da daɗi ba. Ka jure.

Cikin gida kuwa ba huruminka ba ne. Baƙuwar ce za ta shiga, da mayafi a kanta, tare da tsohuwar da aka nuna maka, ta zauna a tabarma ta gaida matan, kai kana zaure. In an huce, ta sayi tukwanensu a farashin da suka faɗa ba neman ragi.

Bari in ba ka nawa labarin don kada ka ɗauka a kanka farau. Ina sabon malami aka tura ni wata firamare a ƙauye. Ranar kasuwa na hangi wani dattijo yana gyangyaɗi a gindin tsamiya, hula ta zame, baki a buɗe, ƙuda na kai-kawo. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, na zaro fensir na zana shi a bayan littafin tsara darasi. Ya fito sak. Washegari 'yan ajina suka gani, kafin azahar gari ya ɗauka, yara na bin bayansa suna wage baki. Ashe ladanin garin ne. Na fi mako biyu mai ƙosai tana ce mini ya ƙare, alhali ga shi ina gani a kasko. Hedimasta ne ya ja ni har zauren tsohon. Ya yi mini tatas, na yi shiru, ya yafe. Bayan sallar layya sai ga aike, wai in zo da fensirina. Na tarar da shi ya sha babbar riga, ya naɗa rawani, ya kafa kujera a tsakiyar zaure. Ya ce, "To, Malam, yanzu zana." Awa biyu bai motsa ba. Har na bar garin zanen yana rataye a zauren.

Mutanenmu na karkara suna son hoto, sai dai suna son a ɗauke su yadda suka yarda a gan su, bayan sun yi wanka sun ɗaura atamfar da suke ji da ita. Shi kuwa baƙo, na birni ko na Turai, laka da tsumma yake nema, don su ne babu a gidansu. Tsakanin abin da baƙo ke son gani da abin da ɗan gari ke son nunawa, a nan aka ajiye ka.

Ka ce ba aikin da ka zo yi ba ke nan. Ni kuwa gani nake tsohuwar sana'a aka damƙa maka ba a gaya maka sunanta ba. Lokacin da fatake ke tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su yi watanni a hanya kafin su kai kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro, madugu ke jan ayari, amma in an sauka a zango akwai wanda ake sauka a hannunsa, shi ne fatoma. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya sa a dafa masa abinci, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya nemo masa dillali, ya raɗa masa wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. In baƙo ya yi laifi a gari, fatoma ake kira. In an cuci baƙo, fatoma ke bin kadi. Haka masu gidajen Sabo a Ibadan, unguwar Hausawan da aka kafa a 1916, suka riƙa tsayawa tsakanin masu kawo shanu daga Arewa da mahautan Yarbawa, saniya ta tafi bashi a kan amincin maigida. Ɗakuna kowa na iya ginawa. Abin da fatoma ke ci da shi shi ne gari ya amince da shi, baƙi ma sun amince da shi, ranar da ɗaya ya janye kuwa sana'a ta mutu.

Kai ne fatoman gidan nan. Man janareto da famfo su ne ƙananan sassan aikin. Babban sashen shi ne wanda ya kuɓuce maka ranar da baƙuwa ta rataya kyamara ta nufi rami ba ka tambaye ta ina za ta ba. Don haka kafin baƙi na gaba su sauka, zauna ka rubuta ƙa'idojin gida a shafi ɗaya, ka karanta wa mai unguwa ya ƙara nasa, masu gidan su sa hannu, a aika wa kowane baƙo tun yana garinsu. Ba a ɗaukar mutum hoto sai an tambaye shi da harshen da yake ji, an gaya masa inda za a sa. Namiji ba ya shiga gidan aure. Ba a ɗibar yumɓu ko kara ko itace sai an san mai shi, don a ƙauye babu abin da ba shi da mai shi, ko da ya yi kama da daji. Gajeren wando ya tsaya cikin katanga. Kuma ranar da baƙo ya sauka, kafin ya kwance jaka, ka kai shi ya gaida mai gari.

Ka ce ka zo ka zauna cikin gwanaye, kana nufin masu sauka da akwati. Ciro Murtala daga aljihunka, naira 20, ka juya bayanta. Matar nan da ke aikin tukunya Ladi Kwali ce, 'yar ƙabilar Gbagyi daga ƙauyen Kwali. A gida ta koyi gini tun tana yarinya, da hannu zalla, tana zagaya tukunyar tana ɗora yumɓu zobe a kan zobe, ta ƙawata ta da ƙadangare da kunama da kifi da kada. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko Michael Cardew, Baturen Ingila gwanin tukwane, don ya koya wa 'yan Nijeriya ginin zamani. Ya zagaya ƙasa yana neman wuri, ya zaɓi garin Abuja na wancan lokacin, wanda yanzu ake kira Suleja. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga randunan Ladi, don sarki ya riga shi sanin darajarsu, yana tarawa. A 1954 ta shiga cibiyar da Cardew ya buɗe, ita ce mace ta farko a ciki. Bayan 'yan shekaru ana nuna aikinta a Landan, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Shi ne ya zo koyarwa, amma yau cibiyar sunanta take amsawa.

Wani abu game da randunan da ta riƙa yi a cibiyar. An shafa musu ruwan ƙyalli, an gasa su da wuta mai tsanani, sun yi kyau, sun yi tsada, amma sun daina sanyaya ruwa. Randa da gumi take sanyaya ruwa, su kuwa waɗannan an toshe musu kafofin gumi. Suka tashi daga tsakar gida suka koma ɗakin ado. Ko riba ce ko asara, na bar wa masu gardama. Abin da nake so ka riƙe shi ne duk abin da baƙo ya taɓa a ƙauye yakan sauya, kuma fatoma ya kamata ya fara lura.

Matan nan da aka ɗauka hoto, wa ya taɓa tambayarsu yadda suke gane yumɓun da zai jure wuta da wanda zai tsage? Me suke cuɗawa a ciki? Kwana nawa tukunya ke shan inuwa kafin a kai ta wuta? Jami'a ba ta koya maka wannan ba, baƙuwarka ma ba ta sani ba. Ka bincika, da wuya ka rasa magini mai yaɓe da makuba a garin, ko mai zayyanar allo, ko maƙeri, ko mai saƙar faifai. In gidan na masu fasaha ne, to su ma masu fasaha ne, kuma sun riga kowa sauka. Ba masu gidan shawara a riƙa gayyatarsu su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan malami, a rubuta sunansu a jikin aiki in sun yarda. Wannan ba sabon abu ba ne da zai firgita masu gida. A ƙauyen Sinthian da ke yankin Tambakunda a Senegal akwai irin wannan masauki mai suna Thread, an buɗe shi a 2015. Mai tsara ginin, Toshiko Mori, ta lanƙwasa rufin ciyawar yadda ruwan sama zai gangara matattara mutanen gari su amfana da shi da rani, farfajiyar kuma wurin taron gari ce. A Iseyin ta jihar Oyo, masaukin marubuta na Ebedi da Dokta Wale Okediran ya kafa a 2010 yana sa marubutan da suka sauka su ba ɗaliban sakandaren garin wani abu daga lokacinsu. Gidan da gari ba ya cin moriyarsa, gari zai ƙirƙira masa labari. Naku gidan me ɗan gari ke samu in ban da ƙarar janareto? Kuna da wuta da dare, buɗe baranda yara su yi bita, manya su yi cajin waya. Tudun bayan firamaren da kake hawa neman sabis, wata rana gangaro ka shiga firamaren, ka roƙi hedimasta awa ɗaya duk Laraba.

Maganar gumaka kada ka yi mata dariya, kada kuma ka tsaya musu a kanta a majalisa. Je wurin liman da kanka, ka roƙe shi ya zo ya zagaya gidan ɗaki-ɗaki da rana tsaka. Abin da ido bai gani ba shi ake ƙara wa gishiri. A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu an bambanta surar mai rai da aka sassaƙa ko aka gina cikakkiya, mai inuwa, wadda aka hana, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Bishiya da gini da zayyana kuwa babu magana a kansu. Akwai malaman da suka fi haka tsanantawa, don haka ka je masa a matsayin ɗalibi, ka bar shi ya faɗi nasa. In wani baƙo mutum-mutumi ne aikinsa, ya yi a cikin ɗakin aiki, kada a jera su a bakin hanyar masallaci. Kai ma kana da damar gaya wa masu gidan abin da hannunka ba zai taɓa ba.

Yanzu zan ɗan yi maka faɗa. Mako 7 ba ka ja layi ba, ka ɗora wa janareto. Janareto ba ya cin awa 24. Zatona ka ga aikin baƙi ne ka raina naka, kana jiran ranar da za ka samu yini guda cur da ƙyalle mai faɗi da natsuwa, ka yi abin da zai burge su. Mai aikin albashi ba ya samun wannan ranar. Abin da kake da shi shi ne daga sallame sallar asuba zuwa lokacin da baƙo na farko zai nemi shayi, masu fasaha kuwa, Allah ya shirye su, ba su tashi da wuri. Awa ɗaya da rabi ke nan ko biyu, a daidai lokacin da hasken ƙauye ya fi kyau, shanu na fita, hayaƙi na tashi daga madafai. Ƙaramin littafi da fensir, waya a ɗaki. Zana rumbu, zana garma, zana akuyar da ta ɗare katanga. Mutum kuwa sai ka tambaya, kada ka yi irin tawa. Shafi ɗaya a rana, wata uku shafi 90 ne. Kuma cire kunya ka nuna wa baƙin. Da yawansu za su ji daɗin an tambaye su, wasu su ne za su rubuta maka takardar shaida ranar da kai ma za ka nemi a sauke ka a wani masaukin. In suka tafi suna ɗaukarka yaron aike, laifin wanda ya ɓoye littafinsa ne.

Ba ka ambaci takardar ɗaukar aiki ba, shirun nan ya dame ni. Nemi a rubuta maka ayyukanka, da albashi da ranar biyansa, da ranar hutu guda a mako, da kwanakin zuwa gida. Roƙi a sa awannin safen nan a ciki, da izinin amfani da ɗakin aiki in babu baƙo. Kuɗin cefane da na mai su zo daban, ka buɗe musu littafi, kowace lita da kowane kwano ka rubuta. Kada ka taɓa cike giɓi daga aljihunka da sunan za a mayar maka, da haka ake fara ƙin juna.

Ka kuma san ƙasar da muke ciki. Gidan da Turawa ke kwana a ƙauye ba ya ɓoyuwa. Dagaci da 'yan sandan yankin su san duk baƙon da ya sauka da ranar tafiyarsa, ka san shugaban 'yan sintiri ido da ido, ba tafiyar dare, ba sa hoton wuri a intanet sai an bar wurin. Ranar da baƙuwar fuska ta fara tambayar hanyar gidanku a kasuwa, mai shayi ne zai fara ji, kuma sai yana amsa gaisuwarka zai gaya maka. In dattawan garin suka ce maka wuri ya ɓaci, kada ka jira izini daga birni, kwashe baƙinka ku fita. Shi ma kaɗaicin daren, rabinsa hoton nan ne ya jawo. In an shirya, nemi majalisa ɗaya ka lazimce ta. Je jana'iza, je suna, in an yi gayya ɗauki fartanya, ko kunya biyu za ka yi ka sha kunya su yi maka dariya.

Mahaifinka tsoro yake ji: ɗansa na daji, cikin baƙin da bai sani ba, yana aikin da ba shi da suna. Ba a amsa irin wannan a waya daga kan tudu. Ƙarshen wata ka je da ƙafarka, ka zauna gabansa, ka kira aikin da sunan da ya sani, ka ce masaukin baƙi kake riƙewa. Nuna masa takardar, ka ajiye masa wani abu daga albashin ko yaya yake, ka roƙe shi wata uku. In ya ji komai ya ce a'a, nemi wanda yake jin nauyinsa ya taya ka roƙo, kada ka yi gaban kanka. Koyarwa ba abin rainawa ba ce, da alli na ci abinci, amma gurbi a makarantar kuɗi yakan sake samuwa, wannan na hannunka kuwa ba kullum ba.

A cikin wata ukun ka sa ido a kan masu gidan. In suka ƙi sa hannu a ƙa'idojin, ko suka goyi bayan a bar hoton, ko wata biyu suka wuce ba albashi, to sun nuna maka wanda zai sha zagi a madadinsu kawai suke nema. Sai ka yi sallama da mai unguwa da liman da rana tsaka, ka fita ta ƙofar da ka shigo. In kuwa sun saurare ka, littafinka ya fara cika, mai fura ta dawo, ka ƙara wata uku.

Da za ka je gida, sayi tulu ɗaya na matan ramin, ta hannun tsohuwar, ka kai wa mahaifiyarka. A ƙwanƙwasa maka shi ka ji ya yi ƙara garau kafin ka biya. Cusa shi a buhu da harawa, ka rungume shi a cinya, kada ka yarda ɗan acaɓa ya ɗaure shi a bayan babur.